Malamar Insha'i da Mai Gyaran Wuta

Ranar da ya fara shiga ajinta, tsaninsa ne ya riga shi shiga. Malama na tsaye gaban allo tana tsakiyar bayani, sai ga kan tsanin ƙarfe ya leƙo ta ƙofa, sannan mai ɗauke da shi, wani dogon saurayi da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya ɗan rusuna, ya miƙo mata takarda mai sa hannun Shugaban makaranta. An turo shi ya gyara fankoki huɗun ajin.

Ta san mafarin zancen. Mako biyu da suka wuce ta ba 'yan aji biyar aikin rubutun shawo kai, ta ce kowa ya rubuta wa Shugaba wasiƙa kan abin da ya fi damunsa a makarantar. Cikin su arba'in da biyu, talatin da ɗaya kan fanka suka rubuta. Ita darasi kawai ta nufa, amma da ta duba ta mayar musu, sai suka tattara suka kai ofis. Shugaba ya kira ta ya ce, "Malama, watanki huɗu a nan, takardar tabbatar da ke a aiki ma ba ta fito ba, har kin fara haɗa ni da yara?" Tun daga ranar ba ta ƙara wucewa ta ƙofar ofishinsa da kwanciyar hankali ba.

"In fitar da su ne?" ta tambayi saurayin.

Ya girgiza kai, ya yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ya kafa tsaninsa a bayan aji ya hau.

Ta ɗauko littafin wata ɗaliba, inda ta fara tsara wasiƙarta. "Saurara ku ji. Ta rubuta, 'In ba a gyara mana fanka ba duk za mu mutu.' Wa ya mutu a cikinku?"

Ajin ya kwashe da dariya.

"To Shugaba ma ya san ba wanda ya mutu. Daga wannan layin ya daina yarda da ke. Me ya faru da gaske?"

Yarinyar ta ce, "Malama, ranar gwajin lissafi gumi ya jiƙa min takarda, biro ya ƙi kamawa."

"Wannan za ki rubuta. Ƙaramin abu ne, amma zai iya zuwa ya gani da idonsa. Ku faɗi abin da kuke so a layin farko, kada ku yi ta zagaye. Ku kawo hujjar da mutum zai iya bincikawa. Sannan abin da kuka san zai kawo muku a matsayin uzuri, ku riga shi faɗa, ku ba shi amsa. Wanda ya ɓoye rauninsa, in aka gano, ya rasa komai."

Da ta ɗaga kai sai ta ga mai gyaran ya tsaya cak a kan tsani, sukurdireba a hannu, yana sauraronta kamar shi ma an sa masa jarrabawa. Suka haɗa ido. Ya yi sauri ya koma kan fankarsa, ita kuma ta nemi inda ta tsaya ta rasa.

Bayan an kaɗa ƙararrawa yara sun watse, ya zo kusa da teburinta.

"M-m-malama."

Nan ta gane dalilin shirunsa. In'ina gare shi, mai nauyi. Kalmar ta maƙale masa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya kau da kai. Ta ajiye dasta ta jira, ba ta ƙarasa masa ba.

"D-da an koya min haka tun ina yaro, da na h-huta."

"Ai ba a makara ba," ta ce. "Akwai benci a baya, ba kowa a kai."

Ya yi murmushi, ita ma ta yi.

Kwana uku ya yi yana aikin, yara suka sa masa Injiniya. Ranar ƙarshe ya karɓi lambarta, wai ko wata fankar za ta ƙi. Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Malama, fankar kusa da taga tana juyawa? Kin ce a faɗi buƙata a layin farko, amma na kasa. Buƙatar gaskiyar tana nan tafe, ina nan ina tara hujja."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Fanka lafiya lau. Ɗalibi kuma ya faɗi gwajin farko, amma ana ba da dama ta biyu."

Washegari da safe ya rubuto, "Ina son ki ba ni izini in riƙa gaishe ki. Hujjata: kwana uku na yi a aikin yini ɗaya. Raunina kin ji shi da kunnenki."

A rubuce wani mutum ne daban. Yana da barkwanci, yana lura da ƙananan abubuwa, yana tuna duk abin da ta faɗa. In sun haɗu a bencin da ke gefen shagonsa bayan ta taso daga makaranta, ita ke yawan magana, shi yana warware waya yana saurare. In ya saki jiki in'inar kan yi sauƙi, har ya jera jimla biyu ba gargada. Ya ba ta labarin yadda ya bar makaranta a aji uku, saboda wani malami da ke tashinsa karatu kullum don aji ya yi dariya. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Ɗalibina.

"Me ya sa ni?" ta tambaye shi wata rana.

"K-kowa na ƙarasa min magana. Ke kin j-jira."

Wata biyar suna haka kafin ta gaya wa Ummanta, Umma kuma ta gaya wa Baba.

Baba tsohon magatakardar kotu ne. Shekara talatin ya yi yana rubuta abin da mutane ke faɗa, kuma a wurinsa mutum maganarsa ce. A gida Auta ake kiranta, don ita ce ƙarama, kuma kowa ya san ita ce ta gaban goshinsa. Da ya tambaye ta ko wane ne, ta ce mai gyaran wuta ne, yana da shagonsa, yana riƙe da mahaifiyarsa. Da ya tambayi karatunsa, sai ta ce, "Ya yi sakandare." Ba ta ce bai gama ba. Zancen in'ina kuwa ta bar shi a cikinta, tana ganin in Baba ya ga hankalinsa sauran mai sauƙi ne.

Ranar Asabar Injiniya ya zo gaishe da Baba, cikin fararen kaya masu guga. Malama na bayan labulen falo. Baba ya amsa gaisuwarsa, ya gyara tabarau ya ce, "To samari, me ke tafe da kai?"



Tana jin numfashinsa yana kokawa da kalmar farko. "B-b-b..." Sai ya tsaya. Ya sake ɗauka, ta sake maƙalewa. Agogon bango na ta bugawa. Yayanta da ke zaune a gefe ya ce, "Baba, yana nufin..." Baba ya ɗaga masa hannu. Aka ƙara jira. Daga ƙarshe Baba ya ce, "Ba komai. Sha ruwa. Ka gaida mutanen gida."

Ko minti goma bai yi a gidan ba.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ya kira ta ya ce, "Auta, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na ji tsoro ne, Baba."

"Ban ce laifinsa ba ne, haka Allah ya yi shi. Amma ni uba ne. Ranar da ciwo ya kama ki aka kai ki asibiti, wa zai yi wa likita bayani? Ranar da wani ya taka ki, wa zai tsaya ya yi magana? Na ga mutane da yawa da gaskiyarsu a hannu suka fita kotu suna kuka, don bakinsu ya kasa. Ban yarda ba. Ba zan yi miki dole kan kowa ba, amma wannan ban yarda ba."

Umma ta biyo ta ɗaki. "Ki bi shi a hankali. Kin san Babanku, in ya kafe sai hujja."

A makon ne ɗan aminin Baba ya fara zuwa gidan. Mai karanta labarai ne a rediyo, muryarsa kamar an wanke ta. Ba shi da wani aibu. Yakan zauna da Baba su yi awa biyu suna zancen duniya, Baba na dariya har da tafa hannu. In an ce ta kai masa ruwa, sai ya yi mata magana mai daɗi, ta amsa cikin ladabi ta fito. Ta gaya masa gaskiya tun zuwansa na biyu, cewa akwai wanda take so. Ya ce ya ji, amma tunda ba a tsayar da magana ba, shi ma zai gwada sa'arsa. Duk Asabar in ta ji tsayuwar motarsa sai ta shige ɗakinta.

Abinci ya daina shiga. A aji takan rubuta abu a allo ta goge, ta sake rubuta shi. Wata ɗaliba har ta ce, "Malama, jiya ma wannan muka yi."

Ran nan a ɗakin malamai, lokacin hutun tara, dabara ta zo mata. Ta zauna ta tsara wa Injiniya jawabi, jimloli gajeru, ta kauce wa duk haruffan da ta san suna maƙale masa. Ta tura masa da cewa, "Ɗalibina, ka haddace wannan. Zan roƙi Yaya ya sake nema maka ganin Baba. In ka maimaita sau ɗari zai fita."

Amsa ba ta zo ba sai bayan azahar.

"Na karanta. Ya yi kyau, amma ba ni ba ne. Na ɗauka ke kaɗai ce ba za ki taɓa ƙarasa min magana ba. Yayanki ya ce akwai mai iya magana da ke zuwa gidanku duk Asabar. In irinsa kike so in zama, ba zan iya ba."

Ta kira, bai ɗaga ba. Ta rubuta, "Wallahi ba haka nake nufi ba. Tsoro ne ya sa ni. Ka yi haƙuri." An nuna ya karanta, amma bai ce komai ba. Ta bi ta shagonsa sau biyu ta tarar a rufe, maƙwabcinsa mai walda ya ce ya karɓi aikin wani gini a bayan gari.

Kwana goma sha ɗaya. A cikinsu ne Shugaba ya kira ta ofis. Ta shiga tana tsammanin faɗa, sai ya miƙo mata takardar tabbatar da ita a aiki, ya ce iyaye sun yaba da rubutun yaransu, ta shirya ta karɓi aji shida ma. Ta yi godiya ta fito, ta ciro waya don ta faɗa wa mutum ɗaya, sai ta tuna. Ta tsaya a baranda da takardar a hannu, ta rasa inda za ta sa farin cikin.

Rana ta goma sha biyu, ta dawo daga makaranta ko jaka ba ta ajiye ba, Umma ta ce, "Babanku na kira."

Yana zaune a falo da takarda mai layi-layi, shafi biyu, an rubuta da shuɗin biro.

"Auta, zan tambaye ki, kuma kin san ba a yi min ƙarya sau biyu. Ke kika rubuta wa mai gyaran wutar nan wannan?"

"Wace, Baba?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo. "Kwana biyar ke nan da ya kawo ta da hannunsa. Karanta a fili."

Ta gane rubutun tun kafin ta karɓa. Ta fara karantawa.

"Baba, ina neman auren Auta. Na zo in faɗa da baki na kasa, shi ya sa na rubuta. Ita ba ta san na rubuta ba.

"Na san abin da ka gani ranar, kuma da ni ne uba ni ma zan ji tsoro. In'inata ba za ta warke ba, na gwada. Akwai kuma abin da ban sani ba ko an faɗa maka: ban gama sakandare ba, a aji uku na tsaya. An taɓa sallamata daga wani kamfani don ba na iya amsa waya.

"Na san za ka yi tunanin ranar wuya. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata ta yi wata uku a asibiti. Ni kaɗai ne a kanta. Kullum kafin likita ya zo na rubuta abin da ta ci, da lokacin da zazzaɓi ya tashi, da abin da nake son tambaya. Ranar da aka kawo mata maganin wata majinyaciya bisa kuskure, ni na gano, na tsaya a ƙofa na hana. Na ɗauki lokaci kafin na faɗa, amma ban matsa ba sai da aka ji ni. Babbar nas ɗin ɗakin mata tana nan, za ka iya tambayarta.

"Ga wurare uku da na yi wa aiki shekara da shekaru, na rubuta su a baya. Kada ka tambaye su ko na iya magana. Ka tambaye su ko na taɓa cewa zan zo ban zo ba.

"Ba zan iya yi wa Auta daɗin baki ba. Abin da zan iya shi ne in na ce zan yi, in yi. Ina roƙon ka sake ba ni zama ɗaya, ka kuma yi haƙuri da ni in na daɗe."

Ba ta iya kai ƙarshen sallamar ba, hawaye ya rufe mata ido.

Baba ya karɓi takardar ya ninke. "Na san ba ke ba ce. So nake in ga fuskarki. Da ke ce, da kin cire zancen aji uku, tunda ni ma kin ɓoye min."

Ta sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Baba. Ka yafe min."

"Kina koya wa 'ya'yan mutane kada su ɓoye rauni, ke kuma kin zo gida kin ɓoye na wani." Ya cire tabarau ya goge. "Na je asibitin. Na je biyu cikin wuraren, na ukun ƙafata ta gaji. Matar nan ta asibiti sai da ta ba ni kujera, ta yi rabin awa tana ba ni labarinsa. Ki ce masa ya zo ranar Asabar. Ɗan aminina kuwa ni zan yi magana da ubansa."

Ta shiga ɗaki ta rubuta masa, "Baba ya ce ka zo Asabar. Ba zan rubuta maka ko harafi ɗaya ba. Ka yafe min?"

Amsar ta zo nan take. "Tun rana ta biyu na huce, Malamata. Kunyar abin da na faɗa miki ce ta hana ni, sai na ce ba zan dawo hannu rabbana ba. Ni ma ki yafe min. Ina jin tsoron Asabar."

"Ni ma," ta rubuta. "Amma ka zo."

Ya zo. Baba ya sallami Yaya daga falon, ya ce wa Auta ta fito daga bayan labule ta zauna kusa da Ummanta, tunda dai ya san tana wurin. Sannan ya jingina da kujera ya harɗe hannu.

"Samari, na karanta takardarka. Amma ina son in ji daga bakinka. Ba inda za ni yau."

Injiniya ya dafa gwiwoyinsa. "B-b-baba." Ya tsaya. Gumi ya tsattsafo a goshinsa. Malama ta san kalmar da ke gaba, tana kan harshenta, ta danne leɓenta da haƙori. Umma ta kama hannunta ta matse. Ba wanda ya motsa.

"Ina n-n-neman..." Ya rufe ido, ya ja numfashi, ya buɗe ya kalli Baba kai tsaye. "Ina neman auren Auta. Z-zan riƙe ta amana."

Baba ya ce, "Na ji shaidu masu zuba kamar famfo, da yawansu ban yarda da su ba. Kai na yarda. Ka turo manyanka."

Umma ta saki ajiyar zuciya mai ƙarfi har kowa ya juyo, aka yi dariya, har da shi.

Bayan wata uku, a hutun ƙarshen zango, aka ɗaura aure. Gidan ya cika da 'yan'uwa da malaman makaranta, mahaifiyar ango na zaune kusa da Umma kamar sun shekara da sanin juna. Da yamma, kafin a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya sa hannunta cikin na mijinta, ya daɗe bai saki ba.

"Auta tana da gaggawa in ta tsorata," ya ce masa. "Ka yi haƙuri da ita. Ke kuma, mijinki in ya ji ciwo shiru yake yi, kada ki bari shirun ya kwana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku ga tsufan juna."

"Amin, Baba," ta ce cikin kuka.

Angon ya buɗe baki, kalmar ta ɗan tsaya masa. Su ukun suka jira.

"Amin," ya ce.

Baba ya shafa kan autarsa, ya raka su har bakin mota da kansa.